Ƙwayar alkama a gidaje 64: nawa ne jimillar, kuma wace lamba ce ke raba ta?

Ɗan Dawanau:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina malaman lissafi? Ku fito ku raba gardama. Yaron da ke riƙe mana littafin shige da fice a rumfa ne ya kawo wani zance, wai wani mai hikima a Indiya ya ƙago wasan shataranji, darar nan mai gidaje 64, sarki ya ce ya faɗi ladansa. Sai ya ce a sa masa ƙwayar alkama 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Wai sarki har da dariya, daga baya aka zo aka ce masa duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. Ni dai hatsi sana'ata ce tun tasowata. Na ce masa ko tirela goma ba za a cika ba. Shi kuma ya kafe wai duniya kaf ba ta da wannan alkamar. Wa ke da gaskiya?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Alhaji ina bayanka. Ƙwaya fa aka ce, ba mudu ba. Tirela goma ma ai ka yi masa alheri.

Malam na Sakandare:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka ba yaron nan kuɗin shayi, shi ke da gaskiya. Ga jimillar:

18,446,744,073,709,551,615

Alƙaluma 20 ke nan. Ka ɗauki biliyan ɗaya, ka jera irinta sau biliyan 18 da ɗoriya.

Kuma ba sai an bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ana tarawa ba. Gida na ɗaya da na biyu sun ba da 3, na uku yana da 4. Ukun farko sun ba da 7, na huɗu yana da 8. Huɗun farko 15, na biyar 16. Kullum gidan da ke gaba ya fi duk abin da aka tara a bayansa da ƙwaya ɗaya tak. To jimillar gidaje 64 ita ce abin da zai shiga gida na 65, in da akwai shi, a cire 1. Shi kuwa gida na 65, 2 ce guda 64 ana ninka su da juna. A rubuce 2^64 − 1.

Ɗan Dawanau:
Malam wannan dogon layin bai gaya min komai ba. Yi min magana da buhu.

Malam na Sakandare:
To bismillah. Mu ce ƙwayar alkama 1,000 ta yi giram 40, haka nauyinta yake a tsaka-tsaki. Layin farko na allon, gidaje 8, ƙwaya 255 ce, tafin hannunka ma ba za ta cika ba. Layi biyu, ƙwaya 65,535, kilo biyu da rabi da ɗan ƙari, ka ce tiya guda. Buhun farko mai kilo 100 ba zai cika ba sai an kai gida na 22. Har nan sarki yana da hujjar yin dariya.

Tirela goman da ka ambata, in kowace ta ɗauki tan 30, a gida na 33 za su ƙare. Da ƙyar aka haye rabin allo ke nan, saura gidaje 31, kuma kowanne cikinsu shi kaɗai ya fi duk abin da aka loda kafinsa. In aka kai ƙarshe, alkamar ta kai wajen tan biliyan 738. Tirela sama da biliyan 24. Duniya baki ɗaya, da China da Indiya da Rasha da Amurka da kowa, tana noma wajen tan miliyan 800 ne a shekara. Sai a tara noman shekara 900 da wani abu, ba a ci ko ƙwaya ba, ba a bar iri ba.

Maman Ilham:
Tabɗijam! Na janye. Alhaji kai kaɗai a filin.

Ɗan Dawanau:
Hajiya ai dama ku ba a shiga rigima da ku. Malam na ji, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Daga tiya guda a layi na biyu a ce an cinye noman shekara 900? Kai, da sake.

Bawan Allah Sakkwato:
Malam, mu nan dara munka sani, mai gurbi 30 da aka tonawa ga ƙasa. In da da ita anka yi wagga yarjejeniya fa, mi za ya faru?

Malam na Sakandare:
Da sarki ya tsira. Gurbi 30 zai ba da 1,073,741,823. Tan 43 ne, buhu 430 ko kusa da haka, tirela ɗaya da rabi ma ba ta cika ba.

Ɗan Dawanau:
Wannan kam ko gobe in sallame shi daga sito ɗaya, har in ba shi kuɗin lodi.

Bawan Allah Sakkwato:
Ashe sarkin bai san dara ba ne, shi ya sa ta ci gida.

Ɗalibin Zazzau:
Allah ya gafarta malamai, a ba ni dama. Wannan ƙissa ba ta yau ba ce, kuma a littattafan Musulmi aka fi saninta. Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya kawo ta a Wafayatul A'ayan, ya ce sunan mai hikimar Sissa ɗan Dahir, sarkin kuma Shihram. Tun kafinsa Al-Biruni ya yi wannan lissafi a Al-Asarul Baƙiya wajen shekara ta 1000, ya nuna cewa 16 ce guda 16 ake ninkawa a cire 1. Sai dai Malam, lambar da na gani ana danganta wa Al-Biruni a shafuka da yawa da 619 ta ƙare, ba 615 ba. Ni kuwa in aka ce in zaɓa tsakanin Biruni da kalkuleta, kun san inda zan tsaya.

Hajiya Akawu:
To ga ta uku. Yanzun nan na buga a Excel a ofis, ta ba ni 18,446,744,073,709,600,000. Ba 615, ba 619. Kowa da tasa ke nan?

Ɗan Dawanau:
Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan. Lambar da ba wanda ya taɓa ƙirgawa, ba wanda zai taɓa ƙirgawa, kowa sai ya rubuta abin da ya ga dama. Wa zai kama shi? A kasuwa in muka yi musu, zazzage buhun muke a sake awo. Wannan ina za a zazzage ta?

Malam na Sakandare:
Ƙirgawa kam ba za ta yiwu ba, Alhaji. In kana ƙirga ƙwaya ɗaya duk daƙiƙa, dare da rana, sai ka yi shekara biliyan 584. Amma a nan ne na saba da kai: lamba irin wannan an san yadda aka gina ta, kuma ginin nata ya isa ya kama mai ƙarya, ko da ba a taɓa ƙwaya ɗaya ba.

Mu fara da 619. Ka raba allon gida huɗu-huɗu. Huɗun farko: 1, 2, 4, 8, jimilla 15. Huɗu na biye: 16, 32, 64, 128, jimilla 240, wato 15 sau 16. Kowane rukuni haka yake, 15 ce aka ninka da wani abu. Rukuni 16 ne cif a allon, ba gidan da ya yi saura. To dole 15 ta raba jimillar, dole 5 ta raba ta, dole ta ƙare da 0 ko 5. Sannan duk gidajen cika ne, gidan farko kaɗai ne mara, saboda haka jimillar mara ce, ba za ta ƙare da 0 ba. Saura 5. Lambar da ta ƙare da 9 ba ta da hanyar shiga.

Ga wata shaida. Tunda 15 ta raba ta, 3 ma ta raba ta. Ku tara alƙaluman da na rubuta guda 20, za ku sami 87, kuma 3 ta raba 87. Ku mayar da 5 ɗin ƙarshe 9, sai a sami 91, 3 ba ta raba 91.

Malam Ɗalibi, ko maganar da ka kawo da kanka ta yanke hukunci. 16 sau 16 da 6 take ƙarewa, a sake ninkawa da 16 da 6 za ta ƙare, har abada. A cire 1 daga 6.

Ɗalibin Zazzau:
Hujjar ta yi ƙarfi, ban musa ba. Amma ni ba zan jingina kuskure ga Biruni ba.

Malam na Sakandare:
Ba wanda ya ce ka jingina masa. Mutumin da ya gane cewa 16 guda 16 ce a cire 1, ba zai kasa sanin ƙarshenta ba. Tsakaninsa da wayarka akwai masu kwafe da masu fassara da masu buga littafi da masu tura saƙo ba su karanta ba. Can za ka nemi mai 9 ɗin.

Injiniya:
Hajiya Akawu, taki matsalar daban ce. Excel alƙaluma 15 na farko kawai take riƙewa, sauran ta mayar da su sifili. Duba da kyau, naki da na Malam iri ɗaya ne har alƙalami na 14, a na 15 ta ɗaga 5 zuwa 6 saboda abin da ke bayanta, ta share ragowar. Ta yi wa mai hikimar gyara da ƙwaya 48,385.

Ɗan Dawanau:
Kusan kilo biyu ke nan a lissafin Malam. Ni awon da ya yi kuskuren kilo biyu a cikin tan biliyan 738 ai sai in sa masa albarka.

Hajiya Akawu:
Kai Injiniya, ashe shi ya sa in na shigar da lambar katin ATM mai alƙaluma 16 sai ta ƙarshen ta koma 0? Mun daɗe muna zargin yaran da ke shigar da bayanai.

Injiniya:
Shi ne fa Hajiya. Ki mayar da gurbin na rubutu kafin ki shigar, ko ki fara sa alamar ' a gaban lambar. Ki nemi gafarar yaran.

Ummi 'Yar Aji Shida:
Malam ina wuni. Tambaya gare ni. An koya mana lambobin firam, waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu. Wannan dai ba firam ba ce tunda 3 da 5 sun raba ta. To in aka ci gaba da farfasa ta, me da me za a samu? Ko ta yi girman da ba za a iya ba?

Malam na Sakandare:
Lafiya lau Ummi, Allah ya yi miki albarka, tambayar da nake jira ke nan. Ana iyawa, kuma allon da kansa ne zai farfasa miki ita.

Kin san in aka ɗauki lamba, aka rage mata 1, aka kuma ƙara mata 1, aka ninka biyun, ana samun lambar sau kanta a cire 1. Misali 9 sau 11 ya ba da 99. To bi ni:

Gida 2: jimilla 3.
Gida 4: 15, wato 3 × 5.
Gida 8: 255, wato 15 × 17.
Gida 16: 65,535, wato 255 × 257.
Gida 32: 4,294,967,295, wato 65,535 × 65,537.
Gida 64: 4,294,967,295 × 4,294,967,297.

Duk lokacin da aka ninka yawan gidaje, sai sabuwar lamba ɗaya ta shigo, kuma ita ce tsohuwar jimilla a ƙara 2. Ga su a jere: 3, 5, 17, 257, 65,537, sai ta ƙarshe 4,294,967,297. Biyar na farko duk firam ne. Ke me kike zato game da ta shida?

Ummi 'Yar Aji Shida:
Ita ma firam ce mana, tunda 'yan uwanta biyar duk haka suke.

Malam na Sakandare:
Kin faɗa ramin da babban mutum ya faɗa, don haka ba abin kunya ba ne. Pierre de Fermat, wani masanin shari'a a birnin Tulus na Faransa da ke lissafi a lokacin hutunsa, ya rubuta a 1640 cewa yana da yaƙinin duk lambobin wannan jeri firam ne, ko da yake ya ce bai samu cikakkiyar hujja ba. Har ya mutu a 1665 yana kan haka. Sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 a birnin San Fitasbag na Rasha, ya nuna cewa

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

Ɗauki biro ki gwada. 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200. Sau 40 ya ba da 268,016,680. Sau 1 ita kanta. Tara ukun ki gani.

To cikakkiyar amsarki, firam bakwai ne suka haɗu suka gina lambar alkamar:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Ba wadda ta maimaitu a cikinsu. Shi ya sa 3 ta raba ta amma 9 ba ta raba ta, 5 ta raba ta amma 25 ba ta raba ta. Kuma tunda kowace cikin bakwai ɗin ko a ɗauke ta ko a bar ta, yawan lambobin da ke raba ta ba saura shi ne 2 guda bakwai a ninka, 128, har da 1 da ita kanta. A cikin wannan tulin duka, 128 kacal.

Ummi 'Yar Aji Shida:
Na tara, ya fito daidai! Amma Malam ta yaya ya san 641 zai gwada? Ko ya fara daga 3 ne yana ta rabawa da hannu?

Malam na Sakandare:
A'a, nan ne gwanintar take. Euler ya gano, kuma daga baya ya rubuta hujjarsa, cewa duk firam ɗin da za ta raba wannan lamba sai ta kasance 64 sau wani abu a ƙara 1. Ki jera su: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Ki zubar da waɗanda ba firam ba, saura 193, 257, 449, 577, 641. Rabawa biyar kawai. Abin da ke ba ni mamaki shi ne Fermat yana da kayan aikin da zai kai shi nan, domin ya yi amfani da irin wannan dabara a kan wasu lambobin. A wannan ɗin dai ya wuce ta bai gani ba.

In kina son hujjar da ba doguwar rabawa, ga ta. 641 tana da fuska biyu: 640 da 1 ce, wato 5 × 128 + 1 (128 kuwa 2^7 ce, 2 guda bakwai a ninka), kuma 625 da 16 ce, wato 5^4 + 2^4. Ki riƙa zubar da duk 641 da kika samu, ki riƙe saura kawai. Fuska ta farko ta ce 5 × 2^7 daidai yake da −1. Ninka shi da kansa har guda huɗu, 5^4 × 2^28 ya zama 1. Fuska ta biyu ta ce 5^4 daidai yake da −2^4. Sa shi a gurbinsa, −2^32 ya zama 1. Ma'ana 2^32 + 1 ba ta bar saura ba. Karanta sau biyu, a na farko ba ya zama.

Maman Ilham:
Ni daga "fuska biyu" na sauka daga motar. Ku gaida gida.

Bakatsine:
Malam ka ce 1732? To a wannan shekarar ce ake cewa namu, Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi, ya rubuta littafinsa a kan hatimai, yadda ake jera lambobi a gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye da kwance da karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Daga Katsina ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, can ya rasu a 1741. Kullum sai a yi ta kiran Faransa da Rasha kamar mu ba mu taɓa riƙe alƙalami ba.

Malam na Sakandare:
Gaskiya ne, kuma ya cancanci a riƙa ambatonsa a azuzuwanmu fiye da yadda ake yi. Sai dai kar gobe in ga an tura a wani zauren wai Bakatsine ne ya riga Euler gano 641. Fanninsa daban, hatimi mai gidaje mara ya yi wa ƙa'idoji. Abin da ya yi ya ishe shi.

Bakatsine:
Ni ban ce ba. Amma in wani ya ce, ba zan bi shi da gudu in hana shi ba.

Injiniya:
Bari in ƙara wani abu, don Alhaji na ganin lambar tatsuniya ce kawai. Alhaji, tana cikin wayar da ke hannunka. Kwamfuta da 0 da 1 take rubuta komai. Gurbi na farko darajarsa 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, daidai da gidajen allon nan. In ka ji an ce waya ko kwamfuta mai bit 64 ce, gurabe 64 ake nufi. Ka cika su duka da 1, ba 0 ko ɗaya, abin da ka rubuta shi ne 18,446,744,073,709,551,615. Ita ce iyakar abin da gurabe 64 za su ɗauka. Ƙara 1 a kai, komai ya koma sifili.

Da 32 aka fi aiki a da, kuma ta yi kaɗan. Tsohon tsarin adireshin intanet guda 4,294,967,296 kawai yake da su, babbar ma'ajiyarsu ta ƙare a Fabrairun 2011. Akwai kuma tsofaffin na'urori da ke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, iyakarsu 2,147,483,647, domin an ware gurbi ɗaya don alamar ragi. Za su cika ranar 19 ga Janairun 2038, duk wadda ba a gyara ba agogonta ya koma 1901. Da gurabe 64 kuwa sai an yi shekara biliyan 292 kafin a sake wannan magana.

Ita ma 65,537 da Malam ya lissafa tana aiki kullum. A tsarin kulle bayanai na RSA, wanda shafukan banki da yawa ke amfani da shi, ita ce lambar da aka fi sawa a mabuɗin da ake bayyanawa, saboda firam ce kuma a rubutun 0 da 1 guda biyu kawai take da 1, ninkawa da ita ba ta da nauyi.

Malam na Sakandare:
Injiniya ka tuna min. 2,147,483,647 ɗin nan jimillar gidaje 31 ce, kuma ita firam ce, Euler ɗin dai ne ya tabbatar a 1772.

Bawan Allah Sakkwato:
Gurbi ɗaya kan darammu ke nan. Wannan Euler ba ya barci ne?

Hajiya Akawu:
Ni abin da na ɗauka a nan daban ne. Masu zuwa da "zuba kuɗi ka kawo mutum biyu, su ma kowa ya kawo biyu", ashe allon nan ne suke sayar mana. Malam, hawa nawa za a yi mutanen Najeriya su ƙare?

Malam na Sakandare:
Hawa 28 ya ba da 268,435,455, ya haura yawan 'yan Najeriya har da jarirai. Hawa 33 ya wuce biliyan 8 da rabi, ya haura mutanen duniya. Kuma ko a ina abin ya tsaya, hawan ƙarshe, waɗanda suka zuba ba su karɓi komai ba, sun fi duk na samansu yawa da mutum ɗaya.

Maman Ilham:
Na dawo motar. Wannan kam na gane shi sarai, har da sunayen waɗanda zan tura wa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a kiyaye, ban da kiran suna. A koma kan lissafi.

Ummi 'Yar Aji Shida:
Malam, gida 31 ya ba da firam, gida 30 da 32 da 64 ba su bayar ba. Akwai ƙa'ida ne?

Malam na Sakandare:
Rabin ƙa'ida. In yawan gidajen yana rabuwa, jimillar ma za ta rabu, dalilin shi ne abin da muka yi ɗazu na yanka allo rukuni-rukuni. Gida 30 ana yanka shi biyu-biyu, uku-uku, biyar-biyar, shi ya sa 3 da 7 da 31 duk suka raba 1,073,741,823. To sai yawan gidaje ya zama firam kafin a sa rai. Amma sa rai ne kawai: gida 11 ya ba da 2,047, wato 23 × 89. Irin waɗannan su ake kira lambobin Mersenne, da sunan wani limamin kirista Bafaranshe da ke musayar wasiƙu da Fermat.

Jerin Fermat kuwa abin tausayi ne. Ta bakwai ita ce maƙwabciyar lambarmu, a ƙara mata 2, mai ƙarewa da 617. Ita ma ta fashe: 274,177 × 67,280,421,310,721. Daga 65,537 zuwa yau ba a sake samun firam ko ɗaya a jerin ba, kuma ba wanda ya iya tabbatar da cewa babu wata a can gaba. Mutumin da ya ce duka firam ne, biyar ɗin da ya gani da idonsa su ne dai har yanzu.

Biyar ɗin kuma ba ƙananan kaya ba ne. A 1796 Gauss, wani Bajamushe masanin lissafi, bai cika shekara 19 ba, ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, abin da aka yi kusan shekara 2,000 ba a sani ba. Siffa mai gefe mara ba ta zanuwa haka sai in yawan gefenta ɗaya ne daga firam ɗin Fermat, ko an ninka wasunsu ba tare da maimaici ba. 7 da 9 ba sa yiwuwa, 15 da 17 suna yi. Mafi girma da aka sani ita ce a ninka biyar ɗin duka, 4,294,967,295, alkamar rabin allo cif.

Ɗalibin Zazzau:
Ni dai zan nemi bugun Larabci na littafin Biruni in duba da idona. In na samu zan ɗauko hoton shafin in sa a nan.

Malam na Sakandare:
Madalla, muna jira. Ko me ka gani a shafin, 15 dai za ta raba jimillar.

Ɗan Dawanau:
To Malam, na ji na yarda, yaro ya ci shayinsa. Amma wannan ita ce babbar lambar da kuka sani, ko akwai uwarta?

Injiniya:
Alhaji wannan jaririya ce. A Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano cewa allo mai gidaje 136,279,841 jimillarsa firam ce. Alƙalumanta 41,024,320, tamu kuwa 20. Ita ce firam mafi girma da aka gano zuwa lokacin. Ya yi aikin ne a ƙarƙashin GIMPS, wani shiri na 'yan sa-kai da ke farautar irin waɗannan lambobi tun 1996, ya yi hayar dubban na'urori a ƙasashe daban-daban suna ta gwaji kusan shekara guda.

Ɗan Dawanau:
Nawa aka biya shi?

Injiniya:
Kyautar da shirin ke bayarwa dala 3,000 ce. Abin da aka ruwaito ya kashe daga aljihunsa kuwa ya kusa dala miliyan 2.

Ɗan Dawanau:
Inna lillahi. Wannan ko rumfar goro kar a bar masa.

Ummi 'Yar Aji Shida:
Yaya Injiniya, shirin nan kowa zai iya shiga? Akwai tsohuwar kwamfuta a gidanmu ba a komai da ita.

Injiniya:
Kowa ma, manhajar kyauta ce, sunanta Prime95. Sai dai gwajin lamba ɗaya a tsohuwar kwamfuta watanni yake ɗauka tana kunne ba ƙaƙƙautawa. Ki fara tambayar Baba wa zai sayi man janareto.